Wumpini Bai Fara Tafiya Ba

"Wace ce Sanatu?"

Da wannan tambayar Pumaya ta tari mijinta, ko gajiyar hanya ba ta yi masa ba. Azindo ya tsaya riƙe da ledar lemo a gindin dalbejiyar bayan gidan surukansa, inda suka saba keɓewa duk ranar da ya zo Savelugu ganin ɗansa.

"Wace Sanatu kuma?"

"Au, suna da yawa ke nan? To wadda aka ce makullin kekenka a bakin zaninta yake wuni."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce mai shayi ce a tasharsu ta Lamashegu, duk masu keken haya mai ƙafa uku, wato yalo-yalo, a wajenta suke karyawa. Pumaya ta ce duk masu yalo-yalon ne suke ba ta ajiyar makulli, ko shi kaɗai ne ɗan gata? Sai sosa wuya yake, ya sosa damtse, gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali rana ta yi sanyi.

Ita kuwa ta ɗauka duk alamun marar gaskiya ne. Ta matso kamar za ta karɓi ledar, ta shaƙi rigarsa. Warin taba ya buge ta, an bi shi da alewar minti don a rufe. Tun kafin aure Azindo ya rantse mata cewa shi da taba har abada, kuma da wata rana ce da sai an ji kansu. Amma ranar ba taba take nema ba, turaren mace take nema, don haka ta bar maganar taba ta wuce.

"Puma, rabin raina..." ya ce a hankali, yana leƙen yaron da ke goye a bayanta. "Har yanzu bai taka ba?"

"Rarrafe yake."

"Ɗan maƙwabcinmu da aka haifa bayansa har tsere yake da kaji."

"Sai ka je ka ɗauko ɗan maƙwabcin naku."

"Ba faɗa na zo ba. Ɗakin nan ya yi min faɗi, Puma. Ina so ki dawo... wallahi ina so ki dawo."

"Ni na kafa al'adar? In ɗaki ya yi maka faɗi ai akwai benci a wajen mai shayi."

Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya mayar ya rufe. Ya shafa kan Wumpini, ya ajiye ledar a kan saiwar bishiya ya juya. Ta bi shi da harara, ta ga yadda wando ya yi masa yawa, ta ce a ranta ashe shayin ma bai karɓe shi ba.

Al'adar dai ba baƙuwar kowa ba ce a ƙasar Dagomba. Mace in ta yi haihuwar fari, bayan suna gidan iyayenta take komawa, kuma ba ta dawowa ɗakinta sai yaro ya taka ƙasa da ƙafafunsa. Sannan dangin miji su zo da goro su roƙa, uba ya ɗan ja musu rai don mutunci, a ɗaure kaya a tafi. Shi ya sa ba ka raba sabon uba da tambayar ko ɗansa ya fara kama bango.

Abin da Azindo bai sani ba, Wumpini ya taka tun kafin a fara cin sabuwar doya. A ɗakin kakarsa ya yi, ya saki ƙwaryar man kaɗe ya taho yana tangaɗi yana dariya, ya faɗa jikin uwarsa. Pumaya ta rangaɗa guɗa, ta ɗauki waya za ta kira mijinta. Tana cikin neman lambar sai ga sallamar Memuna, 'yar gwaggonta mai sayar da atamfa a kasuwar Aboabo. Memuna irin mutanen nan ce da labari ke ƙona wa baki, kafin ta sha ruwa ta sauke na Sanatu duka, har da gishiri. Pumaya ta ajiye wayar. Tun daga ranar, in dai akwai baƙo a gidan, Wumpini yana ɗaure a bayanta.

Mahaifinta, Baba Ziblim, yana can ƙauyen gona wajen haƙar doya, bai san wainar da ake toyawa ba. Mma, mahaifiyarta, ta sani sarai, ta kuma yi mata faɗa. Amma Mma tana son jikanta kusa da ita, tana kuma son hannun da ke taya ta murzar man kaɗe, saboda haka faɗan bai yi tsawon rai ba.

Ba wai Pumaya ta daina son mijinta ba ne. Son ne ma yake cin ta. So take ya ji a jikinsa, ya zo ya durƙusa ya ce ya tuba, ya kira Sanatu a gabanta ya ce kada ta ƙara ko gaishe shi. Azindon da ya yi ta sintiri a ƙofar shagon da take koyon ɗinki, yana sauke fasinja a rabin hanya don kawai ya kai ta gida, yau shi ne wata ke ɗaure makullinsa a zani?

Wata ranar kasuwa haƙurinta ya ƙare. Ta bar yaron wajen Mma, ta ce za ta sayo zare, ta ari babur ɗin maƙwabciyarsu ta kama hanyar Tamale.

Ta tsaya daga tsallaken titi, bayan wata motar gawayi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta sha wahalar gane teburin ba. Ta so ƙwarai ta tarar da wata mummuna ko tsohuwa, amma ba ta samu yadda take so ba. Sanatu doguwa ce, baƙa mai sheƙi, ta ɗan girme ta, tana juya ƙwai tana yi wa samarin tasha tsawa, su kuma suna dariya.

A bayanta kan benci ga Azindo kwance da rana tsaka, lokacin da kowane mai keke yake kan titi. Bakinsa a ɗan buɗe, hannu ɗaya yana reto. Pumaya tana kallo Sanatu ta juya ta taɓa goshinsa da bayan hannu, ta gyara masa kwanciya ya koma gefe, ta cire gyalen kafaɗarta ta rufe masa fuska saboda ƙuda. Da ta miƙe, wani abu ya yi walƙiya a ƙugunta. Makulli ne, rataye da ɗan zaren ja da kore da Pumaya ta kitsa da hannunta satin bikinsu.

Ba ta san yadda ta koma Savelugu ba. Hawaye da iskar hanya suka rufe mata ido, kaɗan ya rage ta afka rami. Zaren ma ba ta sayo ba.

Ba a daɗe ba kawun Azindo ya zo, dattijo mai fara'a, wai hanya ce ta biyo da shi ya ce bari ya ga ko maigidan ya fara takawa. Pumaya ta fito da yaro ɗaure tamau, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce har yanzu dai sai addu'a. Wumpini yana ta harba ƙafa yana son sauka, ta kai hannu baya ta mintsine shi. Dattijon ya ce Allah ya kawo lokaci. Da zai tafi ya ɗan dakata, ya ce ɗan nasu Azindo ba ya yi masa daidai kwanan nan, kaɗaici ba ya yi wa matashi kyau. A fili ta ce Allah ya sawwaƙe. A ranta kuwa ta ce ta ga kaɗaicin da idonta, har gyale ake rufa masa.

Baba Ziblim ya dawo daga gona ran Alhamis, washegari bayan an sauko Juma'a Azindo ya zo gaishe shi, a motar haya. Ya sa babbar rigarsa ta saƙi mai aljihu a gefe, wadda ya yi angwanci da ita. A da cika ta yake, yanzu kamar an rataye ta a ƙusa. Baba yana zaune kan buzu a tsakar gida, Mma tana gefe tana tsinkar ayoyo. Pumaya ta sauke yaron ta ba shi nono, ta zaunar da shi tsakanin ƙafafunta ta matse da gwiwa.

Azindo ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya zo ya tsuguna gaban surukinsa ya sunkuyar da kai. Baba ya fara jero gaisuwa, ta hanya, ta gida, ta aiki, ta mutanen Lamashegu, shi kuma yana amsawa, "Naa... naa... naa..." Gaisuwar suruki ba a yi mata gaggawa, ga Baba ya daɗe a daji bai samu abokin magana ba, sai ya ja ta. Can muryar Azindo ta fara ja baya. Baba ya tambayi lafiyar kawunsa, shiru. Kan Azindo ya yi ƙasa, ya zabura ya ce "Naa", ya gyara tsuguno. Wajen gyarawar ne aljihun ya karkace, wani ɗan abu ja ya faɗo ya gangara kan daɓe, ya tsaya a tsakiyar fili. Manya babu wanda ya lura.

Wumpini ya sulale daga gwiwar uwarsa ya miƙe tsaye ya taho. Ba tafiyar mai koyo ba ce, babu tangaɗi babu laluben bango. Tafiya ce ta wanda ya daɗe da sanin hanya, har da ɗan sauri.

Azindo ya ɗago, fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Baba, ya taka! Puma, kin gani? Wajena yake zuwa..."

Ya buɗe hannu biyu. Yaron ya wuce hannun, ya duƙa ya tsinci jan abin ya jefa a baki.

Ƙarar da Azindo ya yi sai da kajin gidan suka watse. Ya fizgo yaron, ya zura yatsa a bakinsa ya ƙwaƙulo ƙwayar. Ba ta fashe ba, amma jan jikinta ya riga ya rine harshen Wumpini. Ya ce asibiti, yanzu-yanzu, ya yi waje zai karɓi babur ɗin maƙwabta. Baba ya kalli ƙwayar, ya kalli idon surukinsa, ya ce, "Ba kai ba." Pumaya ce ta ja babur ɗin, Mma tana baya rungume da yaro.

Ma'aikaciyar asibitin ta juya ƙwayar a tafin hannu ta tambaya ko ta waye ce. Ta ce wannan jar ƙwayar maye ce, ita ce ta ƙwace kasuwa a hannun tiramol, ƙato ma kayar da shi take, yaro kamar wannan da ya haɗiye ta da numfashinsa ne zai tsaya kafin su iso. Ta sa su zauna har la'asar tana duba shi. Wumpini kuwa ko a jikinsa, sai zagaye ɗakin yake yana jan labule, yau ya samu an sake shi.

A zaunen nan ne Pumaya ta fara haɗa abubuwa. Susar wuya, gumin da ba na zafi ba, ramar, barcin rana a kan benci. Komai a gabanta aka yi shi, amma ita mace take hange. Tsoro ya kama ta, kunya ta biyo baya. Sai dai ko a wannan halin, wani abu yana nan a ƙasan ranta yana ci: ashe Sanatu ta sani, ita matarsa ba ta sani ba.

Da suka dawo, Azindo yana tsugune a inda suka bar shi. Baba bai ce ya tashi ba, shi ma bai nema ba. A gabansu duka ya faɗi komai, kansa a ƙasa. Bayan tafiyar Pumaya ya daina gaggawar komawa gida, sai zaman tasha. Daga kara ɗaya na taba aka fara, don a taya shi hira. Sannan wani abokin aiki ya jefa masa rabin ƙwaya a lemon gwangwani, ya ce zai wuni a kan keke ko bayansa ba zai ji ba. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ta daina isa. Yanzu in bai sha ba ƙasusuwansa ciwo suke kamar an yi masa dukan taro. Ya sha cewa ya daina, ya koma. Daga ƙarshe ya ajiye wa kansa cewa ranar da matarsa ta dawo, ranar zai bari. Ran da suka tsaya a gindin dalbejiya ma abin da ya zo faɗa ke nan.

Baba ya juyo wajen 'yarsa.

"Ke kuma, yaushe yaron nan ya fara tafiya?"

Ta dubi Mma, Mma ta dubi ƙwaryar ayoyo.

"Tun kafin sabuwar doya, Baba."

Azindo ya ɗago a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Tun... Puma?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Baba ya yanke magana a taƙaice. Kada kowa ya kawo masa goro. Jikansa ba zai kwana ɗakin da ake tsintar irin wannan a ƙasa ba. Azindo ya je ya nemi lafiya, in ya samu a sake zama. Aka kira kawunsa ya zo ya tafi da shi.

Da sassafe Pumaya ta shiga motar Tamale. Wannan karon ba ta laɓe bayan komai ba, ta tsallaka titi ta tsaya a gaban teburin. Sanatu ta ɗago daga kaskon ƙwai ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce Puma."

"Pumaya." Sunan nan mutum ɗaya ne yake kiranta da shi a duniya, jin sa a bakin wannan matar ya ƙona ta har cikin ƙashi.

"To, Pumaya. Zauna. Da madara ko babu?"

"Ba shayi na zo sha ba."

"Na sani. Rannan ma da kika tsaya bayan motar gawayi ba shayi kika zo sha ba."

Ta kori samarin da ke benci, ta ce su je su nemi fasinja. Sannan ta ɗaga bakin zaninta. Ba makulli ɗaya ba ne a ɗaure, har uku ne. Ta ce ƙanenta mai keke ne a wannan tashar, ya sha ƙwayarsa wata safiya ya shige ƙarƙashin babbar mota da fasinjansa. Tun lokacin duk yaron da ta ga idonsa ya juye, sai ta ƙwace makulli har ya dawo hayyacinsa, wanda ya ga dama ya zage ta. Jiya ma ita ta hana Azindo hawa keke zuwa Savelugu.

Pumaya ta ji wani abu ya fara saki a ƙirjinta, amma Sanatu ba ta bar ta ta ji daɗinsa ba.

"Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba, ba kowa nake rufa wa gyalena ba."

"Mijina ne."

"Na sani, ai har na haddace. Amma da ya faɗi a nan yana jijjiga, kumfa a baki, ba ke kika riƙe masa kai ba. Kuma ba sau ɗaya ba."

Sanatu ta ce ta sha gaya masa ya je ya faɗa wa matarsa. Sai ya ce ai Puma tana da abin da ya dame ta, ɗansu ya wuce lokacin tafiya bai taka ba. Kullum maganarsa ke nan. Ya tambayi masu magani, ya tambayi malamai. Daga baya ya saka wa ransa cewa laifinsa ne Allah ya kama a ƙafar yaron.

"Duk ranar da ya dawo daga wajenku aka ce masa rarrafe yake, ranar sai ya ninka. Yaron yana da lafiya dai?"

"Yana tafiya," in ji Pumaya. "Ya daɗe yana tafiya."

Sanatu ta dube ta, ta ajiye cokalin hannunta. Ba ta tambayi dalili ba, mace ce, ta gane.

"To ki ji. Ni na gaji da gadin mijin wata. In ba za ki zo ba, ni zan kai shi asibiti, ni zan zauna da shi har ya miƙe. Kuma in ya miƙe a hannuna, kada ki zo min da kuka."

Pumaya ta share fuska da bakin mayafi ta miƙa hannu.

"Kwance min makullin."

Daga nan ta kira Azindo a waya. Yana gidan kawunsa, an rufe shi a ɗaki tun jiya, muryarsa tana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

"Puma, ki yafe min. Na kusa kashe mana ɗa..."

"Ni ma ka yafe min. Zan zo."

"Kada ki zo. Ba na so ki gan ni haka."

"Wata ta gan ka haka, ni ce ba zan gani ba? Ko ciwon naka ma ba zan bar wa kowa ba, Azindo. Nawa ne."

Ta ji yana kuka ta cikin wayar, ita ma ta tsaya a bakin titi tana yi, masu keke suna mata hon.

Da yamma ta durƙusa gaban Baba ta faɗi abin da ke ranta. Baba ya ce maganarsa tana nan, yaron ba ya zuwa ko'ina. Ta ce ta ji. Ya ce wannan ciwo ba zazzaɓi ba ne da ake warkewa a mako, zai yi amai a jikinta, zai zage ta, zai yi mata ƙarya, wataƙila ya koma ruwa bayan ta ga kamar an gama. Ta ce ta ji. Ya ce in ta tafi, ita kaɗai za ta tafi, kuma shi ne zai faɗi ranar da jikansa zai bi ta, ba ita ba.

"Na ji, Baba. Ni na tsawaita masa zaman kaɗaicin. Ka bar ni in je."

Mma ta fashe da kuka, ta ce yaron ko yaye ba a yi masa ba. Baba ya ce ai ga kakarsa, koko bai ƙare a gidan ba. Ya dubi 'yarsa, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya shige ɗaki.

Washegari ta ba Wumpini nono har sai da ya saki da kansa. Ta wanke shi, ta shafe shi da man kaɗe, ta zaunar da shi gaban kwanon koko. Mma ta ce ta fita tun hankalinsa yana kan cokali. Ta ɗauki jakarta ta bi gefen bango, ba ta yi sallama ba.

Ta kai zaure sai ta ji takun ƙananan ƙafafu a bayanta, da sauri-sauri. Ta juya. Ga shi nan ya biyo ta, koko a haɓa, ya zagaya ta baya ya kama zaninta yana miƙa hannu sama, goyo yake so. Har ta fara duƙawa. Mma ta iso ta ɗauke shi, ta ce mata da ido ta tafi.

Kukansa ya raka ta har ƙarshen layi. Kafin ta kai bakin titi gaban rigarta ya jiƙe da nono. Ta ja mayafi ta rufe, ta ɗaga hannu ta tsayar da motar Tamale.